Kwamfutar Inusah da Wutar Juma'a

Ranar Talata, takwas ga Maris ɗin 2022, Inusah ya shigo shagon Alhaji Souley da ke unguwar Morrisania, a Bronx ta New York, rungume da wata tsohuwar kwamfuta, irin mai dogon akwatin nan da ake girkewa a ƙarƙashin tebur, igiyoyinta suna jan ƙasa. Shagon na tura kaya gida ne. Mutum ya cika gangar roba da shinkafa da man girki da takalman yara, mu aika masa ita Yamai ko Akra ko Kano. Ni ne akawun wurin, shekara goma sha huɗu ke nan a lokacin, kuma tebur ɗaya ne a shagon, nawa.

"Alhaji, ka rufa min asiri," in ji Inusah da Hausarsa ta Zango, wadda ba ta raba mace da namiji. "Raudatu ya ce ko ni ko wannan abu, dole ɗaya ya bar gidan."

Raudatu matarsa ce. Alhaji Souley, mutumin Maradi mai surka Hausa da Faransanci, ya yi dariya har hularsa ta karkace.

"Bon, ga teburin Malam Rashidu nan, ai akwai fili."

Ba wanda ya tambaye ni. Na tattara littattafan shekara uku na ɗora su a kan wata ganga, aka dasa allon kwamfutar a gurbinsu.

An haifi Inusah a Zangon Kumasi, mahaifinsa ɗan kasuwar goro ne. Ya iso New York a 2006. Ya wanke motoci a Queens, ya yi dakon katan a wani kanti da ke Fordham Road, daga bisani ya samu takardar aikin kula da tsofaffi a gidajensu, kuma shi yake yi har yau. Gajere ne mai faɗin ƙirji da giɓi, ba ya shiga wuri shiru. Bai san ranar haihuwar 'ya'yansa ba sai ya tambayi uwarsu. Ya ɓatar da katin jirgin ƙasa sau biyar a shekara guda, wannan a gabana aka yi. Idan aka ce masa ya zo ƙarfe biyu, a sa rai da shi bayan la'asar, yana tafe yana ba da labarin wanda ya tare shi a hanya.

A 2015 aka haɗa shi da wani tsoho, Mista Ortiz, wanda ya yi ritaya daga tuƙin bas kuma ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa. Shekara bakwai Inusah yana yi masa wanka, yana aske masa gemu, yana juya shi a gado. Tsohon ba shi da abin da yake so kamar wasan kartar nan da ake kira foka, a intanet. 'Yarsa ta daɗe da raba shi da wasan kuɗi, sai na wasa kawai, wanda ake yi da 'yan kuɗin ƙarya da ba sa sayen ko ruwan leda. Amma shi bai ɗauke shi wasa ba. Ya sa wa kwamfutarsa wata manhaja da ke rubuta duk rabon karta da aka yi masa: me ya samu, wa ya ƙara, wa ya janye, a wace daƙiƙa. Kowane rabo ana ce masa hannu. A gefen sunan kowane abokin karawa akwai ɗan wurin rubutu, inda mai wasa zai ajiye abin da ya lura da shi game da mutumin.

Da yatsun tsohon suka fara rawa, Inusah ne ke danna masa. Haka ya koya. Da tsohon ya rasu, 'yarsa ta kwashe abin da za ta kwasa, ta ce wa Inusah babanta ya bar wasiyya a ba shi kwamfutar. A cikinta akwai hannu miliyan biyu da dubu ɗari uku da 'yan kai.

Duk Laraba da Asabar Inusah yakan zo da rana, ya zauna a gefena ya yi wasansa na awa biyu. Alhaji Souley ya yi ta ce masa caca ce.

"Alhaji, ko kwabo babu a ciki. Cacar da ba a ci ba a cinye?"

"Karta dai karta ce. Ranar da liman zai shigo ka ce masa lissafi kake koyo."

Amma shi Alhajin ne ya fi kowa tsayawa a bayansa yana kallo. Ba a jima ba masu kawo ganguna suka fara zama bayan sun gama abin da ya kawo su. Inusah yakan ce wa mutum, "Faɗi rana, kowace rana." Mutumin ya ce ranar da aka haifa masa 'ya a 2016. Inusah ya danna, sai ga duk hannuwan da tsohon ya buga a ranar sun jeru, da lokacinsu. Sai ka ji ana "Allahu Akbar, wannan mutumin akwai tsari!"

Tsari. A teburin nan ɗaya akwai littattafai ashirin da biyu da na rubuta da hannuna. Kowace ganga da lambarta, da nauyinta, da sunan mai aikawa da na mai karɓa, da ranar da ta bar tashar ruwa da ranar da ta isa. Ko ɗaya ba ta taɓa ɓata ba tare da na san inda ta tsaya ba. Ban taɓa ganin mutum biyu sun taru a kan littafina ba. Inusah kuwa bai rubuta ko layi ɗaya ba, injin wani mamaci ne ya rubuta masa. Wata rana wata mata ta zo cigiyar gangarta ta bara, na ɗauki kamar minti huɗu ina buɗe shafuka, sai Alhaji ya ce, a gabanta, "Rashidu, da ka roƙi Inusah ya koya maka irin nasa." Na samo mata gangar.

Abin da ya fi ci min rai ma ba wannan ba ne. A 'yan wuraren rubutun nan, tsohon ba halin abokan karawa kaɗai ya ajiye ba. Da yake ba shi da wani littafi, duk abin da ya zo masa a nan yake zubawa. Inusah yakan buɗe ya karanta mana, yana juyawa da Hausa. A gefen sunan wani ɗan wasa: "Wannan ba ya ƙarawa sai yana da kaya. Inusah ya sake cika barkono a miya, na ce masa ta yi daɗi." A gefen wani: "Matsoraci ne. Yau Inusah ya sauko da ni hawa huɗu a bayansa don in ga rana." Sun fi ɗari uku, a warwatse, ba a sanin inda suke sai an ci karo da su. Yakan karanta yana dariya, idonsa yana kawo ruwa. Ni kuwa na yi wa mutane aiki tun ina Kano, ban san wani ya taɓa rubuta jimla ɗaya a kaina ba.

Kwamfutar tun zuwanta tana da nauyin jiki, amma a 2023 abin ya yi tsanani. Abin da take buɗewa nan take ya koma sai an jira minti goma. Sannan ta fara wata 'yar ƙara daga ciki, ƙas, ƙas, kamar ana taɓa cokali a faranti. Inusah ya kawo wani mai gyara daga Fordham Road, Kwaku, wanda ya kara kunne a jikin akwatin ya daɗe bai ɗago ba.

"Faifan ajiyar ne yake mutuwa," in ji shi. "Yanzu yana juyawa don yana juyawa ne. Idan ya tsaya sau ɗaya, ba na jin zai sake tashi."

Ya gwada kwafe bayanan zuwa wani sabon faifai, abin ya ƙi. Ya yi mana bayani cewa rumbun da manhajar ke tara hannuwan ya kumbura da tarkacen shekaru, kuma jerinsa ya hargitse. Tsohon bai taɓa share shi ba, Inusah bai ma san ana sharewa ba. Manhajar tana da aikin gyara nata na kanta, wanda zai share tarkacen ya sake jera komai. Sai an gama shi kwafin zai yiwu.

"A sabuwar kwamfuta awa ɗaya ne ko biyu. A wannan kakar taka, ban sani ba. Abu ɗaya dai, kada a taɓa ta, kada wuta ta yanke, har ta gama."

Ranar Laraba, sha ɗaya ga Oktoba, da ƙarfe goma na safe, Inusah ya yi bisimilla ya danna. Wani siririn layi kore ya bayyana, a ƙasansa an rubuta cewa saura minti arba'in.

"Ka gani? Kwaku ya cika ban tsoro."

Ƙarfe sha biyu, saura minti arba'in. Ƙarfe biyu, saura minti arba'in. Inusah ya gaji ya miƙe. Sabon majinyacinsa yana can Port Richmond, inda sai an shiga jirgin ruwa ake zuwa, Alhamis da Juma'a a can yake wuni, a can yake sallar Juma'arsa.

"Zuwa magariba ya gama. Masa Rashidu, ka sa min ido." Masa, wato maigida a bakin 'yan Ghana.

Na sa ido. Kowace awa nakan dubi kason da layin ya kai in rubuta a gefen littafin ranar. Ƙarfe biyar na yamma yana kashi goma sha ɗaya. Na raba, na ninka, na sake yi don kada in yi kuskure. Aikin zai ci kusan awa sittin da uku. Ba zai ƙare ba sai an shiga Asabar. Na rubuta haka, na ja layi a ƙarƙashinsa.

Ina ja layin na tuna da Juma'a.

Alhaji Souley yana da wata al'ada da ya taho da ita daga Maradi. A can yana da shagon ƙanƙara da ruwan sanyi. Wata Juma'a ya tafi masallaci ba wuta, aka dawo da ita da ƙarfi yana cikin sahu, firjinsa biyu suka kama, rabin shagon ya ƙone. Tun daga ranar ba ya barin wuta a kunne a inda ba kowa. A nan Bronx yana kwana a ɗakin da ke bayan shagon, iyalinsa suna gida, idan zai fita da rana kuwa ina nan. Lokaci ɗaya ne a mako da mu duka muke barin wurin. Kowace Juma'a wajen sha biyu da rabi yakan buɗe ɗan akwatin ƙarfen da ke bayan ƙofa, ya sauke babban makunnin, shagon ya yi ɗif, sannan ya sa kwaɗo. Inusah bai taɓa zuwa ranar Juma'a ba. Bai san da wannan ba. Alhaji kuwa ya ji gargaɗin Kwaku da kunnensa, amma a ransa aikin ya ƙare tun Laraba da yamma, domin abin da Inusah ya faɗa ke nan.

Ni kaɗai na san duka biyun.

Lambar Inusah tana wayata. Alhaji yana taku biyar daga teburina. Laraba ta wuce ban yi magana ba. Ranar Alhamis da azahar Inusah ya kira ni, ina jin iskar jirgin ruwa a bayansa.

"Masa, ya gama?"

"Bai gama ba."

"Me ya rubuta?"

"Saura minti arba'in."

Ya fashe da dariya. "Wannan abu ya fi ni ƙarya! To bar shi, Asabar ina zuwa."

Abin da ya tambaya na amsa, kuma gaskiya na faɗa. Haka na yi ta gaya wa kaina duk yinin. Na ce ba ni na kawo ta ba, ba ni na ce a ajiye ta a teburina ba, ba ni zan sauke makunni ba. Har na hango yadda Asabar za ta kasance: allon ya yi baƙi, mutane sun watse, wanda ke son sanin abin da ya faru a 2016 sai ya zo wajen mai littafi. Ba na jin daɗin rubuta wannan, amma haka aka yi.

Ranar Juma'a da sha biyu da minti ashirin layin yana kashi tamanin. Faifan yana ta ƙas, ƙas. Alhaji ya fito cikin farar shadda yana ƙamshin turare, ya ce, "Rashidu, mu je, kada mu rasa wuri a cikin masallaci." Ya nufi bayan ƙofa.

Na jawo littafin don in rubuta lokacin rufewa, kamar kullum. Shafin Laraba yana kallon na Juma'a. Ga rubutuna can, da layi a ƙarƙashinsa, cewa aikin sai Asabar. Ga inda zan rubuta cewa an kashe wuta sha biyu da minti ashirin da biyu. Duk wanda ya buɗe wurin zai karanta su tare, ko da ni kaɗai ne. Ba zan ce tausayi ne ya kama ni ba. Alƙalamin ne ya ƙi sauka.

"Alhaji, tsaya! Kwamfutar ba ta gama ba."

Hannunsa yana kan makunnin. "Ba ta gama ba kamar yaya? Tun shekaranjiya?"

"Sai gobe. Idan ka sauke, shi ke nan."

"To ai sai ta jira mu dawo. Awa biyu ne."

"Ba ta jira. Ka ji abin da Kwaku ya ce."

"Rashidu, shekara goma sha tara ina garin nan ban taɓa barin kuran, wato wuta, a gidan da ba kowa ba."

"Nan Bronx ne, Alhaji. Wutarsu ba ta rawa."

"Wuta wuta ce. Kuma saboda me? Saboda karta! In bar shagona a hannun wuta don karta, in je in tsaya gaban Ubangiji? Jamais, har abada."

"Idan akwai mutum a ciki fa?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai za ka bar Juma'a?"

"Ba ni ba."

Maƙwabciyarmu Adjoa tana da shagon kitso. 'Yar Akra ce, Kirista, a unguwar Nima ta tashi, Hausarta ta fi ta Inusah kaifi. A shekarun nan duk ban taɓa taka cikin shagonta ba. Na same ta a kan wata mata, an kitse rabin kai, rabin yana tsaye.

"Yesu! Akawu a shagon mata? Wane style za a yi maka?"

Na yi mata bayani a gurguje. Ta saurara tana ci gaba da kitsonta.

"Wato in je in yi gadin kwamfutar Inusah, ku ku je ku kwaso lada. Ni me zan samu?"

"Adjoa, lokaci yana tafiya."

"Ba na barin kan mutum rabi. Idan zan je, da customer ɗina zan je. Ɗauki kujeran nan. Ɗauki gashin nan ma, kada ka hargitsa min shi."

Haka na ratsa bakin titi cikin kayan Juma'a, kujera a hannu ɗaya, damin gashin doki a kafaɗa, mata biyu suna biye da ni suna dariya. Alhaji ya tsaya a bakin ƙofa yana jan carbi da sauri. Ya nuna wa Adjoa makunnin sau uku, ya ce idan ta ji ƙauri ko kaɗan ta sauke.

"Alhaji, je ka. Idan shagon ya kama wuta zan kira ka a cikin sujada."

Mun rasa ciki. A kan matakala muka yi salla, kuma duk tsawon huɗuba Alhaji yana waiwayen ƙofa. Da muka dawo an gama kitson, layin yana kashi tamanin da huɗu.

Asabar da safe na buɗe shago na tarar da layin ya cika. Inusah da Kwaku suka iso wajen sha ɗaya. Kwafin ya ɗauki awa uku. Kwaku ya buɗe shi a tasa kwamfutar ta hannu, komai yana nan, hannuwan da rubuce-rubucen tsohon. Sannan ya ce bari mu gani, ya kashe tsohuwar, ya sake kunna ta. Fanka ta juya. Faifan ya yi ƙas sau ɗaya, bai ƙara ba.

Inusah ya fita ya dawo da manyan ledoji na wake da shinkafa irin ta Ghana, da taliya da ƙwai da yaji. Kafin la'asar labarin ya zaga layin, kuma shi yake ba da shi ga duk wanda ya shigo: yadda Alhaji ya karya dokar shekara goma sha tara saboda shi, yadda Adjoa ta yi gadi da mataji a hannu. Ya yi wa Alhaji kirari, ya ce zai saya wa Adjoa atamfa. A labarin akwai wani da ya ɗauki kujera.

Da mutane suka ragu ya jawo kujerarsa kusa da tawa, ya ajiye min faranti a kan tebur.

"Adjoa ya ce kai ka lissafa cewa sai Asabar."

"Ni ne."

"Tun yaushe ka sani?"

Ina iya cewa Juma'a da safe, ba mai ƙaryata ni.

"Tun Laraba. Ƙarfe biyar na yamma."

Ya kafa min ido. Na ga lokacin da ya tuna kiran da ya yi min ranar Alhamis. Na jira ya tashi, ko ya kira Alhaji, ko ya tambaye ni me ya taɓa yi min. Na ma shirya amsar.

"Chale," in ji shi a hankali, yadda 'yan Ghana ke kiran aboki, "Laraba zuwa Juma'a akwai nisa."

Sai ya sosa ƙeya, giɓinsa ya bayyana, ya turo farantin gabana.

"Amma ka faɗa. Ci, kafin ya huce."

Na yi makonni ina duban fuskarsa duk ranar da ya zo, ina neman inda ya ajiye abin. Ban samu ba. Ina jin kafin Nuwamba ya manta ma wace rana ce. Da ni aka yi wa haka, da har yau zan iya faɗin ranar da sa'ar da rigar da mutumin ya sa. Shi ya sauke abinsa a wurin ya wuce, kuma a duk abin da Allah ya ba Inusah, wannan ne na fi jin zafin rashinsa.